Cin Abinci Mai Lafiya da Girki Ba Nama a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da nama ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar dabbobi ta Zango, likitoci kuma suka matsa wa masu hawan jini da ciwon suga lamba kan abin da suke ci, zancen abinci ya zama ruwan dare a majalisu da gidajen biki. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa. An amsa su ne da abin da ke cikin kasuwanninmu, ba da abin da ake gani a hotunan Instagram ba. Wanda kuma yake ganin likita kan wata cuta, maganar likitansa ce gaba da tawa.

Shin abinci mai lafiya ba sai mai hali ba?

A'a. Masu talla ne suka sa ake ganin sai da tuffa da man zaitun da kayan kanti. Mafi yawan abin da masana ke cewa a ci, kakanninmu sun daɗe suna cinsa: dawa, gero, wake, gyaɗa, kuka, daddawa, zogale, rama, nono. Inda gizo ke saƙar shi ne rabon kwano. Dubi yadda ake zuba tuwo a gidaje da yawa: malmala uku manya, miya ludayi ɗaya da rabi, ita ma rabinta ruwa ne da mai. Ko a tula farar shinkafa, a ɗiga mata miyar tumatir a ka. Ciki ya cika, amma kusan duk abin da ya shiga sitaci ne.

Gyaran ba ya buƙatar sabon cefane, rabon kawai za a juya. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko ƙwai ko kifi ko nama, ragowar kuma tuwo ko shinkafa ko doya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Lemo ɗaya, yankan gwanda, ƙaramin kwano na kwaɗon zogale, miyar alayyafo mai kauri da karas biyu, ka kai. Ba sai an nemo sikeli ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Da gaske mutum zai iya barin nama gaba ɗaya ya zauna lafiya?

Zai iya. A Indiya akwai miliyoyin mutanen da tun haihuwa ba su taɓa sa nama a baki ba, suna noma, suna haihuwa, suna tsufa. Sai dai masu barin nama hawa-hawa ne. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana cin ƙwai, yana shan nono. Akwai wanda ya bar nama kawai, yana cin kifi. Akwai kuma wanda ya ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da ƙwai. Biyun farko ba su da wata wahala a Kaduna. Na ukun ne ke buƙatar lissafi da ƙwayar magani, kuma ni dai ban ga abin da zai sa mutumin da mai nono ke wucewa ta ƙofar gidansa kullum ya ɗora wa kansa wannan nauyi ba.

A kuma bambance wanda ya bar nama da tsari da wanda nama ya bari. Gidan da ake kwana a tashi kan tuwon masara da tsinkakkiyar miyar kuka, ba wake, ba gyaɗa, ba ƙwai, ba wani tsarin lafiya suke bi ba. Rashi ne, kuma a jikin yara yake fara nunawa.

To ƙarfin jiki fa? Ni aikin ƙarfi nake yi.

Ɗan'uwa, ƙarfin da kake ɗaga buhu da shi daga hatsi da mai yake fitowa. Abin da nama ya shahara da shi shi ne furotin, sinadarin da ke gina tsoka da gyara jiki. Babba mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 a rana, mai aikin ƙarfi ya ɗan ɗara haka. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai kusan giram 24, gyaɗa 25, waken suya 36. Ƙwai ɗaya yana da 6. Ƙuli-ƙuli ma ya fi gyaɗa, tunda an matse man, furotin ɗin ne ya rage.

Furotin ɗin hatsi yana da giɓi wanda na wake ke cikewa, na wake ma yana da nasa giɓin da hatsi ke cikewa. Shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, tuwon dawa da miyar gyaɗa, faten tsaki da wake, duk haɗi ne cikakke. Ba ma dole ba ne su haɗu a kwano ɗaya, in sun shiga ciki a yini ɗaya ya wadatar.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin waken nan namu, a Samaru ta Zariya kuma cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da ingantattun irinsa masu suna SAMPEA. Jihar Kaduna ma tana cikin na gaba-gaba wajen noman waken suya. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗanwaken da ake yi yanzu da fulawa zalla da kuka da kanwa, ko ƙwayar wake babu a ciki. In za a yi, a niƙa wake da dawa ko rogo a haɗa kamar yadda iyayenmu ke yi.

Akwai abin da nama ke bayarwa wanda ganye da wake ba sa bayarwa?

Akwai guda ɗaya da ba a wasa da shi: bitamin B12. Ba ya cikin zogale, ba ya cikin wake, ba ya cikin kuka, kome aka faɗa maka a WhatsApp. A nama da kifi da ƙwai da madara yake. Abin da jiki ke buƙata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4 a rana ga babba, amma rashinsa yana kawo ƙarancin jini, kasala, jin tafin ƙafa da hannu suna yi kamar ana tsira allura, da mantuwa. Sharrinsa shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai daɗe yana jin garau kafin alamun su fito, kuma ɓarnar da ya yi wa jijiya ba kullum take gyaruwa ba.

Mai shan nono ko kindirmo kusan kullum, yana kuma cin ƙwai, galibi ya tsira. Wanda ya bar duka, dole ya sha ƙwayar B12. Tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan ƙwayar maganin suga ta metformin su ma su nemi a duba musu, ko da suna cin nama.

Hajiya, an ce rashin cin nama yana ƙarar da jini. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, 'yar'uwa. Sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi yana cikin wake, waken suya, gero, riɗi, alayyafo, zogale da daddawa, amma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Dabaru biyu ke taimakawa. Na farko, a haɗa abincin da wani abu mai bitamin C: a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan wake, a ci gwaiba ko lemo bayan abinci. Gwaiba ma ta fi lemo wannan bitamin, ga ta da araha in lokacinta ya yi. Na biyu, a raba shayi da abinci, domin ganyen shayi yana tare hanyar sinadarin. A bari a yi kamar awa guda bayan cin abinci kafin a sha.

Mata masu jinin al'ada da yawa da masu juna biyu su ne suka fi shiga haɗari. Mai jin jiri ko yawan haki ta je a auna jininta, kada ta tsaya kan haɗin maltina da madara. Wannan haɗin suga ne ya fi yawa a cikinsa.

Addini ya yarda mutum ya bar cin nama?

Nama halal ne, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah ya halatta. Amma halal ba wajibi ba ne. Wanda ya rage ko ya bari don lafiyarsa, ko don ransa ba ya so, ba tare da ya ce haramun ne ba, malamai ba su ga laifinsa ba. Abin da aka ja kunne a kai shi ne wuce iyaka, ga kuma hadisin nan sananne na raba ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Maƙwabtanmu 'yan Katolika kuwa sun saba da barin nama ranakun Juma'a a lokacin azuminsu na kwana arba'in, don haka girki ba nama ba sabon abu ba ne a unguwanninsu na tsallaken kogin Kaduna ma.

Wai awara tana rage wa namiji kuzari?

Wannan magana ta yi yawo har ta gaji. Binciken da aka tattara kan maza masu cin waken suya bai nuna yana rage musu sinadarin mazakuta ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin irin wannan abinci, ba su ƙare ba.

Matsalar awara a wurinmu kaskon suya ne. Tana shan mai, kuma sau da yawa man ya kwana ya wuni a wuta har ya yi baƙi. A gida za a iya yanka ta a jefa cikin miyar taushe ko ta alayyafo a madadin nama, ko a yi mata miyar tattasai da albasa, ko a gasa ta a shafa yajin ƙuli. Sharaɗi ɗaya: waken suya ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, dole madararsa ta tafasa sosai.

Miya ba nama ai lami ce. Me zai ba ta ɗanɗano?

Daddawa, uwargida. Ta kalwa ta ainihi, a daka ta da albasa da citta da masoro da ɗan kanumfari. Ita ce ke ba miya wannan nauyin da ake nema a romon nama. Sai a soya albasa a hankali har ta yi ja kafin a zuba kayan miya, kada a yi mata gaggawa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, agushi, riɗi ko garin wake suna ba miya jiki. Kabewa tana kawo zaƙi, yakuwa tana kawo tsami. Miyar taushe da ta ji gyaɗa da kabewa da alayyafo da yakuwa, baƙo zai sha ya nemi ƙari bai tambayi nama ba. Citta kuwa ba ma da uzuri, tunda daga Kachia da Jaba da Kagarko ake lodinta zuwa ƙasashen waje.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire nama a ninka dunƙulen magi. Kusan rabin dunƙule gishiri ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato bai kai cikin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da na cikin dunƙule da burodi da taliyar yara da yajin da ake barbaɗawa. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida aka kuma ƙara gishiri ta riga ta wuce gona da iri. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Gishirin da za a saya kuma ya zama mai ayodin, wanda doka ta wajabta a ƙasar nan tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Ina ne ya fi dacewa a yi cefane a Kaduna?

Kayan gwari da yawa, Bakin Dogo, kuma da sassafe. Hatsi da wake da gyaɗa da busassun kayan miya, kasuwar Kawo ranar Talata, inda mutanen ƙauye ke shigo da kaya. Mutanen kudancin gari suna da kasuwar Litinin ta Kakuri. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana da kusan kome a wuri ɗaya, har acca da ugu da agushi.

Amma sanin lokaci ya fi sanin kasuwa. Da sanyi zuwa farkon zafi kayan lambun rani ke cika gari: tumatir, karas, kabeji, latas, tattasai, albasa. A lokacin ake yanka tumatir da kuɓewa a shanya. Mangwaro yana biyo baya da bazara. In damina ta sauka tumatir ya yi tsada, sai Allah ya kawo ganye: rama, tafasa, lalo, yakuwa, zogale, karkashi, wasu ma a bayan gida suke fitowa. Wanda ya bi wannan juyi ba zai riƙa kuka da tsadar kayan miya kamar wanda ya nace sai jar miya wata goma sha biyu ba. Ganyen da za a busar a shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Kada kuma a raina 'ya'yan itacen daji irin su goruba, magarya, kanya, ɗinya, tsamiya da garin 'ya'yan kuka.

Ana cewa ganye da wake na yanzu duk magani ne a jikinsu. Ya za a yi?

Tsoron yana da tushe. Lambuna da yawa a gefen kogin Kaduna da rafukan cikin gari da ruwan da ba shi da tsabta ake ba su, kuma ta ɗanyen latas da kabeji ake iya ɗaukar taifot da kwalara da tsutsar ciki. A ware ganyen ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta sau da yawa, a jiƙa a ruwan gishiri ko ruwan khal, a sake ɗaurayewa. Wannan yana rage datti, ba ya kashe kome da kome. Lokacin da ake annobar amai da gudawa, a haƙura da ɗanyen ganye, a ci dafaffe.

Wake kuma wasu 'yan kasuwa suna zuba masa maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi. Na gida kuwa a zuba a jarka ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwaron zai mutu da kansa. Kafin dahuwa a wanke, a ba shi tafasa ɗaya a zubar da ruwan.

Wanda mutane suka fi sakaci da shi shi ne funfuna a gyaɗa da masara. Tana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga cutar daji, kuma wuta ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi ɗaci, ta motse ko ta canja launi, a tsince ta a zubar. Kada a ce a yi ƙuli ko tunkuza da ita don gudun asara. Ayaba da mangwaron da aka nunar da sinadarin kabaid ma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Za ka ga bayan ya yi rawaya shar, ciki kuwa gam, ba zaƙi ba ƙamshi.

Ni a waje nake cin abincin rana. Me zan saya in ba na son nama?

Abin saye ya fi ƙarfin aljihunka, Malam. Shinkafa da wake da salak, ka ce a rage mai. Faten wake, faten doya, dambu da zogale, kwaɗon rama, alale, gurasa da ƙuli da tumatir, rogo da ƙuli, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, gasasshiyar masara, fura da nono ba suga. A Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri za ka samu gasasshiyar ayaba ko doya, da okpa da 'yan'uwanmu Ibo ke yi da garin gurjiya, da faten acca mai ganye irin na mutanen kudancin jihar.

In da gaske kake kauce wa nama da kifi, sai ka yi tambaya. Dafa-duka da soyayyar shinkafar gidajen abinci galibi da romon nama ko kaza ake yinsu. Miyar agushi da ta ganye ba a raba su da busasshen kifi da ƙananan jatan lande, wani lokaci har alale ana sa masa. Cewa “ba nama” a wurin mai abinci yana nufin kada ta ɗora maka yanka a sama kawai.

A kuma tuna ba duk abin da babu nama ne mai lafiya ba. Fanke, cincin, taliyar yara da soyayyen dankali da lemon kwalba duk ba nama a cikinsu.

Ina da ciwon suga. An ce in koma acca da alkama zalla.

Baba, acca da alkama abinci ne masu kyau, amma su ma sitaci ne. In ka ci malmala uku ta tuwon alkama, sugan zai hau kamar yadda zai hau da na masara. Yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi su ne magana. Malmala ɗaya madaidaiciya da miyar ganye mai yawa, da wake ko ƙwai ko kifi, ta fi tulin acca. Hatsin da ba a surfe shi ya yi fari fat ba ya fi, domin dusar tana rage saurin shigar suga cikin jini. Wake kuwa abokin mai wannan ciwo ne.

Zuma da dabino da rake da mazarƙwaila duk zaƙi ne, jiki ba ya ware su don an ce na gargajiya ne. Kunu da koko suna saurin ɗaga suga tunda an niƙa an tace. 'Ya'yan itace a ci su ɗanye da tsokarsu, kada a matse ruwan. Zogale ganye ne mai amfani, amma ba ya maye gurbin magani. Kada a ajiye ƙwaya ko allura don wani mai lasifika a bakin kasuwa ya ce ya warkar da mutum dubu. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ɗauki shawarar yawaita ganye da ayaba da wake sai ya ji daga likitansa, nasa tsarin daban ne.

Manja da man gyaɗa, wanne ya fi?

Kowanne da ranarsa, kuma kowanne kaɗan. Man gyaɗa ya fi sauƙi ga jijiyoyin jini. Manja yana da kitse mai daskarewa da yawa, amma jan nan nasa jiki yana mayar da shi bitamin A mai kare ido. In aka ƙona shi har ya yi fari, an kashe amfanin. A auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga jarka. Wanda aka yi ta suya da shi har ya yi duhu yana kumfa, a zubar.

Yara da masu ciki za su iya bin wannan tsari?

A nan nake taka burki. Yaro ba wurin gwaji ba ne. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi. Bayan nan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Abin da ke jefa yara cikin tamowa a unguwanninmu shi ne tsinkakken koko: cikin yaro ƙarami ne, ruwa ya cika shi, abinci bai shiga ba. A soya gero ko dawa ko masara da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, a dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. A ƙara ɗan manja ko garin zogale, a ba shi ƙwai dafaffe, ayaba, gwanda, kabewa, dankalin Hausa mai jan ciki, da dakakken kifi in da hali. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Zancen cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata, ko mai ciki in ta ci za ta haifi ɗa marar gashi, camfi ne da ya cuci yara da yawa. Gidan da ba a cin nama, to lallai ƙwai da madara su zauna a kwanon yara da na mai ciki da mai shayarwa. Mai ciki ta je awo, ta kuma sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa, ko da tana ganin abincinta ya wadatar.

Wake yana kumbura mini ciki. In ƙara kanwa?

Kanwa tana sa ya yi saurin nuna, amma tana lalata wasu bitamin na rukunin B, kuma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da mai hawan jini ke gudu. A jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi luguf. A fara da kaɗan, ciki yana sabawa. Alale da ƙosai da aka cire wa wakensu ɓawo sun fi sauƙi ga mai wannan matsala.

Abin sha fa? Zoɓo da kunun aya ai na gida ne.

Na gida ne, amma dubi sugan da ake zuba musu. Iyakar da aka shata wa babba ita ce kusan giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 za ta iya ɗaukar kusan cokali tara. Zoɓon saye wani lokaci ba ya nesa da haka. Shayin mai shayi da madarar gwangwani mai kauri ba a ma magana. A dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a sa suga kaɗan ko a bar shi haka. Kunun aya yana saurin lalacewa in ba sanyi, a kula da wanda ya wuni a rana. Madarar shanu sabuwar tatsa kuma a tafasa ta kafin a sha.

Da azumi da babbar Sallah ya za a yi?

Da azumi, faranti bakwai na soye-soye a buɗa-baki shi ke sa mutum ya kasa tsayuwar tarawihi. Dabino kaɗan, ruwa, kankana ko gwanda, kunu da ƙosai ko alale, sai a yi sallah a dawo a ci abinci. Da sahur a nemi abin da ke daɗewa a ciki: wake, tuwon dawa da miyar ganye, fura da nono.

Naman layya a ci, a yi sadaka, a kyautar. Abin dubawa shi ne makonnin da ke biyo baya, da ake kwana a tashi kan soyayyen nama safe da rana da dare. Masu binciken cutar daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce rabin kilo a mako, kuma a 2015 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji. A cire kitse, a rage wanda ya ƙone a wuta, a ci tsire da tulin kabeji da tumatir da albasa.

Maigidana in bai ga nama a miya ba, ba zai ci ba. Ya zan yi?

Kada ki yi shela, uwargida. In kika ce daga yau an daina cin nama a gidan nan, kin tayar da rigimar da ba ta da amfani, kuma ba ma shi ake nema ba. Fara da abincin da dama can ba a neman nama a cikinsa: ranar Litinin faten wake da alayyafo, Laraba dambu da zogale da gyaɗa, Asabar ɗanwake na ainihi da ƙwai da kabeji. Sauran ranakun ki yanka naman ƙanana ya bazu cikin miya, ki ninka ganyen, ki rage malmala ɗaya. Ranar miyar kuka ko kuɓewa, busasshen kifi kaɗan da daddawa sun isa. Kuɗin da ya ragu daga na mahauci ki mayar da shi kan kiret ɗin ƙwai, mudun waken suya da lemon zaƙin da yara za su tafi da shi makaranta.